Gwajin saiwar tumatir a Jos: abin da fatar tsutsa ta nuna

Tumatirin lambuna da ke Naraguta ya riƙa yin yaushi da rana duk da ban ruwa, kuma da na tuge wasu sai na tarar da ƙulle-ƙulle a saiwoyinsu. Na ɗebi saiwar da ƙasarta na kai wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin Jos, inda aka tabbatar mini cewa tsutsar nematod ce, wadda ƙaramarta ba ta kai rabin milimita ba.

Abin da ya sa nake yaba aikinsu shi ne malamar da ta karɓe ni ba ta tsaya a nan ba. Ta ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka," sannan ta zaunar da ni gaban madubin ƙara girma. Fatar tsutsar, wadda akasarinta sinadarin kolajin ne, wato wani nau'in furotin, tana da zobba-zobba a jere daga kai har wutsiya, ga kuma layuka huɗu da suka bi kowane gefe a tsaye. Ta bayyana cewa tsutsar tana yin saɓa sau huɗu kafin ta girma, na farko tun tana cikin ƙwai, kuma ta faɗa mini gaskiya cewa hawa-hawan cikin fatar sai da madubin ilektiron, wanda ya fi wannan ƙarfi nesa, ake ganinsu, kuma ba su da shi.

Inda kuɗina ya biya shi ne wajen macen tsutsar, wadda takan kumbura ta zauna cikin saiwa. Malamar ta yanko fatar bayanta ta shimfiɗa a gilashi, sai ga zane kamar na yatsan mutum, kuma da shi ta ce alamu sun fi karkata ga nau'in Meloidogyne incognita. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga manomi, domin wannan nau'in ba ya kama gyaɗa, alhali ɗan'uwansa arenaria yana iya kama ta, don haka sanin nau'in ne ke nuna abin da za a shuka a hutar da ƙasa.

Ƙorafina biyu ne. Sakamakon da aka ce mako guda ya kai mako biyu, kuma takardar da Turanci kaɗai aka rubuta ta, wanda zai wahalar da yawancin masu kai kaya kasuwar Farin Gada. Duk da haka zan sake kai musu ƙasar lambun bayan na cire gyaɗar bana.