MiFi ko rauta a ɗakin hostal, ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ƙanina, kai da ka ce MiFi (ƴar na'urar wifi ta aljihu mai batir da ake saka wa layi) za ka saya ko rauta (babbar da ake ajiyewa a ɗaki a jona da wuta) saboda laftof ɗinka a hostal. Sayi MiFi kawai, ka huta.

Ni duka biyun sun ratsa hannuna lokacin da nake zaune a gidan haya na ɗalibai a Samaru, Zariya. MiFi ɗina ƴar ƙarama ce, Huawei, ba ta kai tafin hannu ba, batirinta 3000mAh, kuma wallahi har yau in na tuna ta sai na ji daɗi a raina. Ɗakinmu a ƙasa yake can lungu, sabis ba ya shiga sai ta taga ɗaya, to sai na samu wata tsohuwar jakar tabarau na saka ta ciki na rataye a ƙarfen tagar da igiyar takalmi, nan ne mazauninta kusan shekara biyu. Daren da ba zan manta ba shi ne ana gobe zan kai wa sufabaiza babi na huɗu na furojet, wajen ƙarfe tara aka ɗauke wuta, unguwa ta yi ɗif, ga sauro ga zafi, mu huɗu ne a ɗakin kowa da abin da ya dame shi, ɗaya yana neman tura asaimen kafin sha biyu, ni kuma akwai takardu kusan goma da ban sauke ba. Ƴar abar nan ta riƙe mu mu duka har bayan ƙarfe biyu, da ta fara nuna jar fitila na jona mata fawa banki ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Laftof ɗina ne ma ya riga ta mutuwa. Washegari na zura ta a aljihu na tafi da ita laburare, daga nan ajin lakca, duk inda na zauna intanet ɗina na tare da ni.

Rauta kuwa, eh ta fi jan sabis saboda eriyarta ta fi ƙarfi kuma tana ɗaukar mutane da yawa, wannan ba zan hana ta ba. Amma tamu da muka yi karo-karo muka saya, ana ɗauke wuta take mutuwa, ƙarshenta kan loka ta koma tana shan ƙura har muka sayar da ita da asara. Yawancinsu 12V suke ci, sai ka nemo ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta) ko wayar da ke ɗaga wutar fawa banki daga 5V zuwa 12V, wani kuɗin ke nan, kuma abu ne da za ka bari a ɗakin da mutane ke shiga da fita kana can aji hankalinka na kanta.

Na san wani zai ce ai hosfot na waya ya isa. Ya isa na kwana biyu. Ka yi wata ɗaya kana yi kullum ka ga yadda wayar ke zafi kamar dutsen guga, batir ya fara zuba, kuma a wayoyi da yawa ana kiranka intanet ɗin ke tsayawa, kana tsakiyar cike fom a fotal Hajiya ta kira daga gida shi ke nan sai ka sake daga farko.

Kafin ka ba kowa kuɗinka yi wannan tukuna. Ari layin MTN da Airtel da Glo wajen abokai, ka saka a wayarka a cikin ɗakin da za ka zauna ɗin, ba a bakin get ba, ka gwada da rana sannan ka sake gwadawa tsakanin takwas zuwa sha ɗaya na dare lokacin da kowa ya dawo ya hau. Layin da ke gudu a wani bulok yana iya zama gawa a na kusa da shi, har bene da ƙasa ma akwai bambanci. Shi ya sa na fi son ka nemi wadda ke cin kowane layi, wadda ƴan kasuwa ke kira yunibasal, ko da ta ɗan fi tsada. Ta kamfani, wato mai cin layinsu kaɗai, ta fi araha kuma sau da yawa da kyautar data a ciki, in layinsu ne ya ci jarabawar ɗakinka to ba laifi ka ɗauka a ofishinsu.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma dole na faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Na taɓa raka wani aboki, aka miƙo mana kwali sabo fil da leda, muna buɗe murfin baya sai ga batir ya kumbura, lambar shaidar na'urar, wato IMEI, da ke jiki daban da ta kan kwali, tsohuwa ce aka wanke. Akwai masu manna sitikar 5G a kan ƴar 4G, alhali na'urar 5G ta gaske kuɗinta ba kusa ba. Akwai mai rantse maka yunibasal ce, ka je gida ta ƙi karɓar layinka. Saboda haka a gabansa za ka saka layi biyu daban-daban, ka jona wayarka ka buɗe shafi ka gani da idonka, ya rubuta maka rasit. In ya fara cewa sauri yake ko ai ba a buɗe kwali, ajiye masa kayansa ka yi gaba. Kuma kar ka yarda da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, je ka yi naka da NIN ɗinka, in ba haka ba ranar da aka rufe shi da datarka a ciki ba ka da bakin magana.

Haɗawa ba wuya. Sunan wifi da fasawod suna rubuce a ƙarƙashin murfi wajen batir, ka kunna, ka danna alamar wifi a ƙasan allon laftof ta dama, ka zaɓi sunan ka saka. Ranar farko ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.8.1 in Huawei ce, ZTE galibi 192.168.0.1, ka canza fasawod ɗin wifi da na admin duka, don a hostal fasawod ɗaya in ya fita bakin mutum ɗaya to ya zaga bulok. A nan ɗin ma za ka ga duk wanda ya hau, ka toshe wanda ba ka sani ba.

Abin da ya fi cin mutane kuma shi ne Windows. Laftof na ganin wifi sai ya ɗauka na banza ne ya fara sauke ofdet, ka wayi gari giga uku ta tafi ba ka buɗe komai ba, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, ka danna sunan MiFi ɗinka ka kunna Metered connection, shi ke sa Windows ya yi tattalin data. Ofdet ɗin ka bari sai ka sayi datar dare ko ka samu wifin makaranta. Kuma in ta cika ka zare ta daga caji, barinta a soket dare da rana cikin zafin nan namu shi ke kumbura batirin. Allah ya ba da sa'ar karatu.