Hattara da masu sayar da lensin da ya faɗi suna cewa saiti kawai yake so

'Yan'uwa masu ɗaukar hoto, abin nan ya ci ni, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani mai tallata lensi na hannu a intanet, hotunan kayansa fes-fes. Na sayi lensi 85mm f/1.8 a wurinsa. Tun kafin in biya, shi da bakinsa ya ce min fokas ɗin yana ɗan zarcewa baya, amma wai ba wani abu ba ne, da na shiga saitin kyamara na taɓa lamba ɗaya zai dawo daidai. Jin ya faɗi aibin kayansa da kansa ya sa na saki jiki da shi. Ashe nan tarkon yake.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne a kan gaskiya aka ɗora ta. A kyamarar DSLR mai madubi, idan kana leƙe ta 'yar tagar gani, ba sensar da ke ɗaukar hoton ce ke auna fokas ba. Wata ce daban a ƙasan akwatin madubi, wadda ƙaramin madubi na biyu ke tura wa haske. Hasken na bin hanya biyu ke nan, kuma in tsawonsu ya saɓa ko da ƙiris, sai kyamara ta nuna ta kama ido alhali kunne ta kama. Domin haka kamfanin Canon ya kawo saitin gyara fokas mai suna AF Microadjustment a kyamararsa EOS-1D Mark III a 2007, Nikon ma ta sa irinsa, AF Fine-Tune, a kyamarorinta D3 da D300 a wannan shekarar. Makin saitin yana tafiya daga -20 zuwa +20, kuma aikinsa ɗaya tak: ya matsar da inda fokas ke sauka, gaba ko baya. Ba ya miƙe gilashin da ya goce, ba ya wanke hazo, ba ya tayar da motar fokas da ta gaji.

Da kayan suka iso, na kafa kyamarata Nikon D7200 a kan ƙafa uku, na ja baya mita huɗu da kwata, wato ninki 50 na 85mm ɗin lensin, na jingina rula a karkace gefen abin da nake auna, na buɗe lensin har ƙarshe. Kwana biyu ina bin makin nan ɗaya bayan ɗaya. Tsakiyar hoto takan fito garau, amma gefen hagu kullum dishi-dishi. Sai na kunna Live View, wato kallo ta allon bayan kyamara, inda babbar sensar ce ke neman fokas da kanta, babu ruwan madubi. Hagun bai canza ba. Nan jikina ya yi sanyi, domin matsalar da saiti ke gyarawa ɓacewa take a Live View. Mai gyara ya duba ya nuna min inda aka miƙe bakin lensin bayan ya lotse, ya ce ɗaya daga cikin gilasan ciki ya kauce daga mazauninsa. Faɗuwa ya yi.

Na koma wa mutumin, sai ya buɗe babi na biyu. Wai hannuna ne bai ƙware ba, in ƙara masa kuɗi ya turo min wani fayil in sa a memori, kyamara za ta saita kanta. Ku riƙe wannan da kyau: babu wanda zai san makin da ya dace da kayanka daga nesa. Makin na wannan lensin ne a kan wannan kyamarar, in ka ɗaura shi a wata kyamara iri ɗaya ma yana iya bambanta, kuma a Canon da Nikon cikin kyamara ake ajiye shi. Gaskiya ne a cikin kamfanonin da ke ƙera lensi, Sigma ta fitar da USB Dock a 2013, Tamron ta fitar da TAP-in Console a 2016, na'urori ne da ke rubuta gyara a cikin lensi. To amma sai an ɗaura lensin a jikin na'urar an jona da kwamfuta, kuma kowace na aiki ne da wasu lensin kamfaninta kawai. Fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba kuwa, in ka bari kyamara ta haɗiye shi a matsayin manhajarta, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tausayi wani yaro ne da bai daɗe da fara sana'ar ba, mai kyamara Nikon D5300. Shi ma haka aka ce masa, ya shiga saiti ya gyara. Ya yi ta lalube bai ga komai ba, domin kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000, har da tasa, ba su da wannan saitin sam. Haka Canon 60D da 700D da 2000D. Mai sayarwar ya san da haka, tun da sai da ya tambayi yaron irin kyamararsa.

Kar ku yi cinikin biri a sama. Ku ɗaura lensin a kyamararku kafin kuɗi ya fita. Ku ɗauki bango mai rubutu ko bulo, kyamara na fuskantarsa sak, lensi a buɗe, ku faɗaɗa kusurwa huɗun ku gwada su da juna. In gefe ɗaya ya yi dishi, ku kifar da kyamarar ku sake ɗauka: in dishin ya bi kyamarar ya koma ɗaya gefen bangon, lensin ne. Ku haska tocila ta cikinsa, ku duba kan kusoshi ko an taɓa kwance su. In daga nesa ne, a rubuta yarjejeniyar mayarwa tukuna, in ya ƙi ku bar masa kayansa.

Da na matsa masa sai ya toshe ni. Bayan 'yan makonni na ga hotunan tallar nan dai a ƙarƙashin wani sabon suna, da kalmomin nan nasa na saiti kawai yake so. Na kai ƙorafi wurin masu dandalin tare da hotunan gwajin da na yi. Lensin yana nan cikin durowa, ba zan tura wa wani shi ba.