Sojojin yumɓu na Xi'an: wurin ya ci kuɗinsa, amma kada ka tsaya a bakin ƙofa

Tikitin shiga yuwan 120 ne, da fasfo ake yankarsa, kuma ban yi da-na-sanin ko sisi ba. Daga Guangzhou na taso bayan na gama haɗa kaya, na kwana a birnin Xi'an na ƙasar Sin, da safe na kama hanyar Lintong inda sojojin suke, tafiyar kamar awa ɗaya a mota.

A cikin ramuka sojojin suke, kuma rami na ɗaya shi ne kankat. Tsawonsa mita 230, ga sojoji sahu-sahu, kowa da irin fuskarsa da gashin-bakinsa da ɗaurin gashinsa. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya fara haɗe ƙasar Sin a ƙarƙashin sarauta ɗaya, shi ya sa aka ƙera su don su yi gadinsa bayan mutuwa. Ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna binne har 1974 da manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su.

Kowa a bakin ƙofa yake cincirindo don ya ɗauki sahun gaba. Turereniya kawai za ka sha, rabin hotonka ƙeyar mutane ce da wayoyi a sama. Bi ta gefe ka zagaya baya. Can ake harhaɗa waɗanda suka farfashe: wani babu kai, wani an naɗe shi da leda, ga doki ana jiran ƙafarsa. Hotunan da na fi so duk a nan na ɗauka. An hana filasha, ramin kuma da nisa daga inda ake tsayawa, don haka waya ba ta kamo fuska sosai, sai kyamara mai zuƙowa. A rami na biyu haske dishi-dishi ne, amma akwai maharbin da ya durƙusa, cikin gilashi. Zagaya bayansa ka ɗauki tafin takalminsa, za ka ga har zanen ɗinki, da ɗan jan fenti da ya saura a sulkensa.

Kabarin sarkin kansa yana da tazarar kilomita ɗaya da rabi, motar zuwa can tana cikin kuɗin tikiti. Tudu ne da bishiyoyi, har yau ba a tone shi ba. Masanin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa an yi koguna na zaiba a ciki, kuma gwajin ƙasar wurin ya nuna zaiba mai yawa. Ɗan jagoran da muka ɗauka ya so mu tsallake nan ya kai mu shagon tsaraba, na ƙi. Da na biye masa da ban ga kekunan dokin tagulla biyu da aka tono a 1980 ba.

Abinci kuwa, daure da yunwarka ka koma unguwar Musulmi a cikin gari, kusa da babban masallaci, ka nemi romon rago da ake marmasa gurasa a ciki.