Aikin tsara netwok a Legas: banki, kamfanin sadarwa, ko albashin dala?

Makon jiya wani ƙanena a sana'a, wanda ya shekara shida yana kula da netwok a Kano, ya kira ni bayan sallar isha'i. "Yaya, takardu uku ne a gabana," in ji shi, "banki a Victoria Island, wata cibiyar adana bayanai a Ikeja, sai kuma wani kamfanin Turai da zai biya ni da dala ina zaune a gida. Wanne zan ɗauka?" Na ce ya ajiye maganar albashi tukuna, ya fara gaya mini inda zai kwana. A Legas, wurin kwananka shi ne rabin albashinka.

Dalilin da ya sa masu tsara hanyoyin sadarwar kwamfuta ke tururuwa zuwa Ikko a fili yake. Nan ne manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka fito tudu: MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, sai Equiano na Google ya iso a 2022. Equinix, kamfanin cibiyoyin adana bayanai na Amurka, ya sayi MainOne kan dala miliyan 320. Hedikwatar MTN da ta Airtel suna Ikoyi, ta Glo tana Victoria Island, cibiyar adana bayanai ta Rack Centre kuma tana Ikeja. Wanda yake son ya taɓa manyan na'urori da hannunsa, ya zana netwok ɗin da miliyoyin mutane za su hau, nan ne kasuwarsa. Amma ganin kitse ake wa rogo idan aka tsaya a kan lambar da ke jikin takardar ɗaukar aiki.

Mu fara da banki. A nawa ganin, bankuna sun fi kowa tsari wajen biya: albashi ba ya wuce ranarsa, akwai inshorar lafiya, wasu suna ba ma'aikaci rancen kuɗin haya. Matsalar ita ce wurin. Gidajen Ikoyi da Victoria Island ba na mai albashin naira ba ne, sai in shi ne babban darakta. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ba ta ma shafi unguwannin nan biyu ba, haka Apapa da Ikeja GRA. Don haka yawanci mutum sai ya gangara Lekki ko Ajah, ko ya zauna Yaba da Surulere yana tsallaka gada kullum. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce. Ranar Lahadi minti goma sha biyar ta ishe ka, safiyar Litinin kuwa in ba ka fito kafin gari ya waye ba, to ka shirya cinye awa biyu kana kallon ruwa.

A nan zan ɗan tsaya, domin shi ne abin da babu mai faɗa maka ranar ganawa. Aikinmu na dare ne. Duk wani babban canji a netwok, sauya rauta ko ɗora sabuwar manhaja a kan siwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci suna rarraba musu bayanai, sai tsakar dare ake yin sa, lokacin da mutane suka yi barci. Ban manta wata damina ba, ina aiki a wani kamfani a tsibiri, wato ɓangaren Victoria Island da Ikoyi, ina zaune a Ajah. Ƙarfe biyu na dare aka kira ni, layi ya faɗi, masu haƙar kwata sun datse wayar fiba mai ɗauke da intanet. Ruwa ya cika titi har ƙofar mota, babu mai hayar da ya yarda ya ɗauke ni sai da na ninka kuɗi sau uku. Na isa ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin kamfanin suke, ƙafata jiƙe, sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana ratsa ni, ina buga umarni yatsuna na rawa. Da gari ya waye na nemi a mayar mini da kuɗin mota, aka ce babu shi a yarjejeniyata. Tun daga ranar ba na sa hannu a takarda sai na ga inda aka rubuta alawus ɗin kiran dare da wanda zai biya abin hawa.

Zaɓi na biyu, kamfanin sadarwa ko cibiyar adana bayanai a ɓangaren Ikeja, shi ne wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi ga ɗan Arewa sabon zuwa. Mai yiwuwa albashin bai kai na banki ba, kuma ka bincika da kyau ko kamfanin ne da kansa ya ɗauke ka ko ta hannun 'yan kwangila, domin bambancin yana da girma wajen fansho da hutu. Amma haya a Agege, Ogba ko Iju ta fi ta Lekki sauƙi nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado ya bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba har Oyingbo, da katin Cowry ɗaya kake shiga shi da motocin BRT. Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da waya, tana nan kusa in kana neman waya ko wani ɗan ƙarfe cikin gaggawa. Ga kuma abin da ba a sa masa farashi: a Agege akwai tsohuwar zango ta Hausawa da Sarkinsu, akwai masallatai da Islamiyya ga yara, akwai tuwo da miyar kuka. Mai iyali ya san nauyin wannan. Kayan miya kuwa, kasuwar Mile 12 ake sauke su daga Arewa.

Sai dala. Kowa ita yake hange, kuma da hujja. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda yake karɓar naira ya ga albashinsa ya narke a hannunsa, alhali jarrabawar sana'ar da dala ake biyan ta: CCNA, jarrabawar matakin farko ta kamfanin Cisco mai ƙera na'urorin netwok, dala 300 ce, jarrabawar gwaji ta CCIE, ta ƙwararru, kuwa dala 1,600. Amma aikin gida yana nufin kai ne ofis. Kai za ka sayi sola da inbata da batura, kai za ka riƙe layin intanet biyu don kada ɗaya ya yanke kana tsakiyar taro. Wutar rukunin A, mai alkawarin awa 20 a rana, an kai ta naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage daga baya. Man janareta kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba a ƙara ganin sa da araha ba. Babu fansho, babu inshora, haraji kai za ka kai kanka, kuma saƙo ɗaya ya isa a ce an rufe kwangila. Tambayar da na yi wa ƙanena ita ce: in dai a gida za ka yi aikin, me ya kawo ka Legas? Ka zauna Kano ka ci dalarka, hayar shekara guda a Lekki za ta riƙe ka shekaru a can.

Kafin ka kwatanta takardun, mayar da kowace zuwa abin da zai shiga asusunka a wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga gare ka, kamfani ya sa kashi 10, kuma wasu kamfanonin suna haɗa nasu kason cikin babbar lambar da suke nuna maka don ta yi kyau. Cire haraji. Sannan ka tuna hayar shekarar farko ba ita kaɗai ba ce: akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin ajiya na ɓarna, a rukunin gidaje kuma akwai kuɗin gadi da shara da dizal. Ka tambayi ko za su biya maka jarrabawa, da shekara nawa za su ɗaure ka idan sun biya.

Na ce wa ƙanena ya ɗauki na Ikeja, ya yi shekara biyu ko uku yana zana netwok na gaske, ya ci jarrabawarsa da kuɗinsu, sannan ya nemi dala da ƙarfinsa. Na kuma ce kada ya tura wa dillali ko kwabo daga Kano. Zai sauka a wurina ranar Litinin, Talata da asuba mu je Agege mu duba gidaje biyu, mu ga alamar da ruwan bara ya bari a jikin katanga, sannan mu hau jirgin mu auna minti nawa ne zuwa ƙofar ofis.