Yaron da ya wanke mana tsakar gida da injin feshi

Duk ƙarshen damina haka tsakar gidanmu a unguwar Malali ta Kaduna take komawa kore shar. Gansakuka ta kama intalok, musamman ƙarƙashin mangwaro inda rana ba ta sauka, santsi kamar an zubar da karkashi. Bana da Inna ta zame a bakin famfo wajen alwalar asuba, Allah ya kiyaye ba ta karye ba, na ce a kira mini mai injin nan da maƙwabciyata take yabo.

A Keke Napep ya zo, shi da ƙaninsa. Injin na fetur ne, ba ruwanmu da jiran wuta. Tambayarsa ta farko ita ce, "Hajiya, tankinku a cike yake?" Ya ce in injin ya ja iska babu ruwa, famfonsa lalacewa yake yi. Sai ya zube wasu 'yan kawuna masu launi a tafin hannunsa ya nuna mini, waɗanda ake ɗaura wa bakin sandar feshin, kowanne da digirinsa, wato faɗin yadda yake baza ruwa. Ja digiri 0 ne, ruwan tsinke ɗaya yake fita, yana iya yanka fatar mutum. Da kore mai digiri 25 ya yi intalok, fari mai 40 kuma na mota ne da gilashi. Ina tsaye ina kallo, duk inda ya ja sandar sai jan bulo ya bayyana kamar ranar da aka shimfiɗa shi. Aikin da mutum biyu suke kwana biyu a kai da burushi da omo, kafin la'asar ya gama.

Ya yi kuskure biyu. Ruwan ya kwashe yashin da ke tsakanin bulo bai faɗa mini ba, sai bayan kwana uku na ji wasu suna motsi in an taka. Da na kira shi, ya dawo da buhun yashi ya cike ba tare da musu ba. Ya kuma matsa kusa da katanga har fenti ya ɗaye kamar faɗin tafin hannu. Duk da haka zan sake kiransa.

Abin da ya dame ni kukan da ya yi bayan ya gama. Wai daga Satumba zuwa Oktoba, sai jajibirin Sallah, shi ke nan kasuwarsa. Sauran watanni injin yana ɗaki a lulluɓe da buhu.

Na ce masa, ɗana, ai kai ne ka tsaya jiran gansakuka. Hunturu na shigowa ƙura za ta rufe farantan sola a gidajen garin nan, wutar ta ragu, masu gida kuma tsoron hawa rufi suke. Amma ka sassauta ƙarfin ruwan sosai, ka yi da sassafe, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya fasa shi. Ga kafet ɗin masallatai kafin azumi, ga tankunan ruwa da ba a leƙa cikinsu sai an ga ruwa ya canja launi.

Wanda na fi matsa masa a kai shi ne gidajen kaji. Na yi kiwon kajin nama, na san wahalar. Sati 6 zuwa 8 an kwashe su, kuma dole a kankare kashi daga daɓe da bango, a fesa magani, ɗaki ya bushe kafin a zuba sababbin 'yan tsaki. Wannan aiki bai san damina ko rani ba. In ya samu gona uku ko huɗu a hanyar Zariya suka yi yarjejeniya, ya samu na cefane duk wata. Sharaɗin kawai ya wanke injinsa da takalmansa da magani tsakanin gona da gona, kada ya kwaso cuta ya kai wa wani.

Na ba shi lambar ƙanwata mai kaji a Mando. Jiya ta ce mini ya je ya duba ɗakunan, ranar Asabar zai fara.