Kamfanin inshorar da ya gaskata ƙarya a kaina

Shekara uku ina biyan inshorar Corolla ɗina, yanzu naira 15,000 duk shekara. Kwatsam suka kira ni, wai wani ya ce na buge masa mota a Titin Zoo da ke Kano. Wallahi ranar motata tana garejin Ƙofar Ruwa, an sauke injinta! Na kai musu rasit ɗin bakanike da hoton motar a kan jak. Ma'aikaciyar ko kallon takardun ba ta yi ba, sai "Alhaji, a dawo gobe." Sau huɗu ina komawa.

Sai da na rubuta ƙorafi ga NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya, sannan 'yan kamfanin suka nemi rahoton 'yan sanda, mutumin kuwa ba shi da shi. Sun soke da'awar, amma ba wanda ya ce min yi haƙuri. Bana zan sauya kamfani.