Magneto da aka ce an sabunta, kwalin babu takarda

Duk mai ƙaramin jirgin sama Cessna 150 tsohon ƙira a Yamai ya san piyes na injin Continental O-200 ba su yanke ba. Magneto (na'urar da ke ba buji wuta, guda biyu ne a inji) Slick 4301, buji REM40E, karbirato MA-3SPA, duk ana samu. Wahalar tana wurin takardar da ke raka su. Wani dillalin tsofaffin kayan jirgi a Faransa ya rubuta cewa magneto ɗinsa sabuntacce ne, na yi oda ɗaya.

Kwana 12 ya iso filin jirgin Diori Hamani, an naɗe shi da kyau, an toshe ramukan wayoyi huɗun saboda ƙura. Nan kam na yaba musu. Sai makaniki ya zazzage kwalin yana neman EASA Form 1, takardar Turai mai shaidar ingancin kayan jirgi, babu. 'Yar takarda rawaya ce kawai ɗaure da zare, ba sunan wurin gyara, ba sa hannu, ba adadin awoyi. In babu Form 1 ko takwararta 8130-3 ta Amurka, makanikin kirki ba ya sa hannu a littafin inji.

Muka buɗe magneto ɗin kan tebur. Gawayin tsakiya ya cinye saura kaɗan. Farantin rabon wuta yana da tsaga siririya kamar gashi, ga baƙin layi inda tartsatsi ya riƙa tsallakawa zuwa wata waya. Waɗannan su ne farkon abin da ake dubawa a binciken da ake wa magneto duk awa 500 na aiki, ke nan ko buɗe shi ba a yi ba, fenti kawai aka fesa. Irinsa yana iya tada inji da safe lami lafiya, sai a gwajin kafin tashi, inji yana juyi 1700 a minti, asirinsa ya tonu, inda faɗuwar juyi in an bar magneto ɗaya yana aiki ba ta kamata ta wuce 150 ba, bambancin magneto biyun kuma 75.

Da na aika musu hotuna sun amsa ran nan da ladabi, sun yarda za su mayar da kuɗi, har zuciyata ta ɗan yi sanyi. Amma kuɗin mayar musu da kayan a kaina, na duwan ya riga ya tafi, kuma abin da ya fi ƙona min rai, tsohon magneto namu da ake bayarwa musaya da sabuntaccen tuni na aika musu. Da tun farko na ce su turo hoton Form 1 na gwada lambarsa da ta jikin magneto, da ko dala ba ta fita ba. Sati bakwai ke nan jirgin yana ajiye cikin rumfa, hazo na zuba masa, magneto ɗaya gare shi.